Ƙofar Da Ba Ta Da Maigadi: Magana A Kan Tsaron Waifai Na Gida



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, watau ɗan akwatin nan mai ƙifta fitilu da akan ajiye a kan tebur ko a rataye a bango, wanda ke rarraba intanet cikin gida ba tare da an ja waya ba. Masu sana'ar suna kiransa rauta, abin da yake watsawa kuwa shi ne kowa ya sani da waifai. Tambayar da ke gabanmu ita ce, ta yaya maigida zai hana wanda bai gayyata ba shiga wannan waifai nasa? Mun ga ya kyautu mu ɗauko misalanmu daga Bompai da Sharaɗa da Calawa, unguwannin masana'antu na birnin Kano. Dalilinmu na farko shi ne da yawa daga cikinmu a kewayensu suke haya, a Dakata da Kawaji, ko Ja'en, ko Panshekara, kuma can ne akan tura ɗalibai horon sanin makamar aiki. Dalili na biyu kuwa shi ne duk faɗin Kano da wuya a sami inda aka ɗauki tsaron ƙofa da muhimmanci kamar waɗannan wurare.

Duk wanda ya taɓa zuwa neman aiki ko kai takarda wata masana'anta a Bompai, wadda ita ce tsohuwa a cikin ukun tun zamanin Turawa, ya san yadda abin yake. Katanga ce doguwa, an kafa mata fasassun kwalabe ko waya mai ƙaya a bisa. Ƙofar ƙarfe ce mai ƙaramar ƙofa a jikinta. Maigadi na zaune da babban littafi, sai ka rubuta sunanka da wanda ka zo gani da lokacin da ka shiga, in ka fito kuma a leƙa jakarka. Mota ba ta fita da kaya sai da takarda mai sa hannu. Wannan tsari ya daɗe yana aiki, ko a masana'antun da suka daina aiki tun bayan matsin tattalin arziki na shekarun 1980 suka koma ɗakunan ajiyar kaya, maigadi yana nan da littafinsa.

Amma mazauna kewayen sun daɗe da sanin cewa akwai abin da ke fita daga masana'anta ba tare da ya tsaya gaban maigadi ba. Ruwan jima da na rini daga Sharaɗa yana bin Salanta ya gangara Kogin Calawa, na Bompai kuma ya bi Getsi ya haɗu da Jakara. Warin fata kuwa ba ya neman takardar fita. Waifai irin wannan ne. Igiyar rediyo ce, 'yar'uwar wadda ke kawo mana labarai da safe, sai dai zangonta gajere ne. Ba ta san iyakar fili ba, ba ta san inda hayar wani ta ƙare ta wani ta fara ba. Yawancin rautoci suna watsawa a kan zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na farkon ya fi nisa, ya kuma fi iya ratsa bango, na biyun ya fi sauri amma bango yana rage masa ƙarfi ƙwarai. A cikin gida waifai yakan kai taku 'yan gomomi, a fili kuwa yakan wuce haka nesa, wanda ya zo da eriya mai kyau kuma yana iya kamo shi daga inda wayar hannu ba ta jin komai. Saboda haka mai shagon caji a bakin titi, da direban da ya kwana uku yana jiran lodi, da yaron maƙwabta, duk a cikin ɗakinmu suke zaune in dai batun rediyo ake yi.

Kada a ɗauka wannan zancen tsoratarwa ne. A shekarar 2005 wasu 'yan damfara a Amurka suka riƙa ajiye mota kusa da shagunan Marshalls, mallakar kamfanin TJX, suna kamo waifai ɗin shagon daga waje. Ba su fasa ƙofa ba, ba su haura katanga ba. Daga waifai suka bi har cikin manyan kwamfutocin kamfanin, kuma kafin a bayyana al'amarin a 2007 an kwashe lambobin katin banki sama da miliyan 45. Jagoransu, Albert Gonzalez, an yanke masa shekara 20 a kurkuku a 2010. Kamfanin yana da masu gadi da kyamarori kamar kowane babban kanti. Abin da ya kayar da shi shi ne tsohon kwaɗo da ya bari a jikin waifai ɗinsa.

To, bari mu ɗan tsaya a kan wannan kwaɗo, domin wanda ya san tarihinsa ba ya bukatar a yi ta maimaita masa abin da zai zaɓa. Da aka tsara ƙa'idar waifai a 1997, an haɗa ta da wata hanyar ɓoye saƙo mai suna WEP. Ba ta yi ƙarko ba. A 2001 masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna cewa wanda ya tattara isassun saƙonni daga iska yana iya gano mabuɗin, daga baya kuma abin ya zama aikin mintoci kaɗan. Wannan WEP ɗin ce TJX ke amfani da ita shekaru huɗu bayan an tona asirinta. Aka yi faci da WPA a 2003, sa'an nan aka kawo WPA2 a 2004, wadda har gobe ita ce a kan yawancin rautocin da ke gidajenmu. Ita ma a 2017 wani mai bincike na Jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya gano mata wata kafa, amma wannan kafar an toshe ta ta hanyar sabunta manhajar wayoyi da rautoci. A 2018 aka fito da WPA3. Don haka in mutum ya shiga saitin rautarsa ya ga WPA3, ya zaɓe ta. In wasu tsofaffin wayoyin gidan suka ƙi shiga, ya zaɓi wadda ta haɗa WPA2 da WPA3, ko WPA2 zalla. In kuwa bai ga komai ba sai WEP ko WPA ta farko, to, wannan rauta ta gama zamaninta, kuɗin sabuwa ya fi sauƙi a kan abin da za ta jawo.

Wani zai ce, mu da ba mu da katunan banki miliyan 45, me za a ɗauka a wurinmu? Abu na farko da kowa ke fara lura da shi shi ne data. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025, ba wanda ke wasa da ita. Ɗalibai huɗu sun yi karo-karo sun sayi ta wata guda domin aikin kammala karatu, kwana goma ta ƙare, sai zargi ya shiga tsakaninsu, kowa na kallon ɗan'uwansa, alhali mai kallon fina-finan yana can bayan katanga. Wannan hasara ce, amma ita ce mafi sauƙi.

Wadda ta fi ta nauyi ita ce ta suna. Yawancin rautoci da MiFi da muke amfani da su a Kano layin waya ake sa musu, kuma tun daga watan Disamba na 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi. Bugu da ƙari, dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta umarci kamfanonin sadarwa su adana bayanan masu layi da na zirga-zirgarsu har shekara biyu. Ma'anar wannan a fili take. Duk wanda ya hau waifai ɗinmu ya yi damfara, ko ya aika da barazana, ko ya watsa abin da doka ta hana, in aka bi sawu, sawun a ƙofarmu zai fara tsayawa. Mai yiwuwa ne daga baya gaskiya ta yi halinta. Amma ƙaramin ma'aikaci da bai daɗe da samun takardar tabbatarwa a aiki ba ya san abin da kwana biyu a hannun masu bincike zai yi wa fayil ɗinsa, ko da an sallame shi da ban haƙuri.

Ta uku ita ce abin da ke cikin gidan kansa. A nan ya kamata mu faɗi gaskiya yadda take, ba ƙari. Yawancin shafuka da manhajojin banki a yau suna ɓoye saƙonsu da kansu, don haka shiga waifai kaɗai ba ya nufin mutum zai zauna yana karanta hirarmu ta WhatsApp ko lambar sirrin asusunmu. Amma wanda ya shiga ya zama ɗan gida a idon sauran na'urori. Yana ganin kwamfutar da aka bar wa jakar takardu a buɗe, da na'urar buga takarda, da talabijin, da kyamarar tsaro. Mu yi tunanin wannan na ƙarshe da kyau. Mutum ya kafa kyamara a tsakar gida domin tsoron ɓarawo, tana kallon inda iyalinsa ke girki da wanki, sa'an nan ga shi wani ƙato a waje yana kallon abin da take kallo. Gidan da aka rubuta wa "ba shiga" a ƙofa ke nan.

Yanzu sai mu zo kan kalmar sirri, wadda ita ce ainihin ƙofar. Akwai wani abu da mutane da yawa ba su gane ba game da yadda ake karya ta. Sun ɗauka mai kutse zai tsaya yana gwada kalmomi ɗaya bayan ɗaya a wayarsa har ya gaji. A tsarin WPA2 ba haka abin yake ba. Duk lokacin da wayarmu ta shiga waifai, ita da rauta sukan yi wata 'yar gaisuwa ta tabbatar da juna. Mai kutse yana iya naɗar wannan gaisuwar daga iska cikin ɗan lokaci, ya tafi da ita gida, ya ba kwamfutarsa ta yi ta gwaji dare da rana ba tare da rautarmu ta san ana yi ba. Kwamfuta mai ƙarfi irin ta masu wasannin bidiyo tana gwada kalmomi dubban ɗaruruwa a sakan guda. Babban amfanin WPA3 shi ne ta toshe wannan hanya ta gwaji daga nesa.

Mu yi ɗan lissafi, tun da a jami'a muke. Al'adar mutanenmu ita ce su sa lambar wayarsu, saboda ba a mantawa da ita, kuma ga ta da tsawo, lamba goma sha ɗaya. Amma huɗun farko, irin su 0803 ko 0806, sanannu ne, ba su da yawa. Saura bakwai, watau miliyan goma. In kwamfuta na gwada dubu ɗari kacal a sakan, cikin sakan ɗari ta gama da wannan rukunin ta koma na gaba. Kafin a idar da shayi an gama da layukan ƙasar duka. An ma gwada wannan a aikace. A 2021 wani mai bincike na kamfanin CyberArk ya zaga unguwannin Tel Aviv da kayan aiki masu araha, ya tattaro waifai 5,000, ya karya sama da kashi 70 cikin ɗari, kuma mafi yawan waɗanda suka faɗi lambar wayar masu su ce kalmar sirrinsu. Ba mu ga dalilin da zai sa Dakata ta bambanta da Tel Aviv a wannan hali ba. Balle ma a wurinmu ba a bukatar kwamfuta: lambar maigida tana rubuce a jikin allon shagonsa, sunan ɗansa na fari kuwa da shi ake kiran uwargida.

Ƙa'idar WPA2 ta yarda da kalmar sirri daga harafi 8 har zuwa 63, kuma tsawo ya fi ƙawa amfani. A nan Hausa ta yi mana rana, domin jerin kalmomin da masu kutse ke fara gwadawa akasari na Turanci ne. A ɗauki kalmomi huɗu ko biyar waɗanda ba abin da ya haɗa su, alal misali sunan wani kayan miya, da wani tsuntsu, da wani kayan aikin maƙera, da wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa, a jera su, a tsarma lamba a tsakani. Mai gida zai riƙe wannan cikin sauƙi, kwamfuta kuwa za ta tsufa tana nema. Sai dai a guji karin magana da baitin waƙa da addu'ar da kowa ya haddace, domin abin da kowa ya sani wata rana zai shiga jerin.

Akwai kalmar sirri ta biyu wadda yawancin masu rauta ba su ma san da ita ba, kuma a ganinmu ta fi ta farkon haɗari. Ita ce ta shiga ɗakin sarrafa rautar kanta. In mutum yana kan waifai ya buɗe burauza ya rubuta adireshin da ke manne a ƙarƙashin akwatin, sau da yawa 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, zai ga shafi yana neman suna da kalmar sirri. A rautoci masu ɗimbin yawa, musamman tsofaffi, amsar duka biyun ita ce admin, kuma haka ake barinsu har su mutu. Wanda ya shiga nan ya zama maigida. Yana iya karanta kalmar sirrin waifai duk lokacin da aka canja ta, yana iya korar mai rautar. Abin da ya fi muni, yana iya canja abin da ake kira DNS, watau littafin adireshin da ke nuna wa waya hanyar kowane shafi, ta yadda in mutum ya rubuta sunan bankinsa sai a kai shi wani shafi na jabu mai kama da shi. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 kusan kowa ya koma tura kuɗi ta waya, har mai shayi, don haka wannan ba ƙaramar kafa ba ce. Canja wannan kalma aikin minti biyu ne. Yayin da ake cikin shafin kuma, a nemi inda aka ba da damar sarrafa rauta daga nesa a kashe shi, sai in akwai wata bukata ta musamman.

Sakaci da wannan kalma ta asali ya taɓa girgiza duniya. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bazu tana neman rautoci da kyamarorin tsaro, tana gwada musu sunaye da kalmomin sirri na asali kusan sittin kawai. Da wannan ɗan jerin ta mallaki na'urori dubban ɗaruruwa, masu su ba su sani ba. Ranar 21 ga Oktoba na wannan shekara aka yi amfani da su aka danne kamfanin Dyn na Amurka, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ɗauke na sa'o'i. Nan yankinmu ma abin ya iso: wani Baturen Ingila, Daniel Kaye, ya yi amfani da wani samfurinta ya kai wa kamfanin waya na Lonestar hari a Laberiya har intanet ta tangaɗe a ƙasar, aka ɗaure shi a Landan a 2019. Ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta Mirai, Paras Jha, ɗalibin jami'a ne kamar waɗanda ke zaune a wannan ɗaki. Mun faɗi haka ne domin 'yan sashen kwamfuta su ji, kada sha'awar gwaji ta kai wani ga waifai ɗin da ba nasa ba. Dokar 2015 ba ta san wasa ba.

Sai wani ɗan maɓalli da ke bayan rautoci da yawa, an rubuta masa WPS. An yi tsarin WPS ne domin sauƙaƙa wa mutane shiga ta danna maɓallin ko da lamba takwas maimakon doguwar kalma. A ƙarshen 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa rauta tana duba lambar rabi-rabi, ta ƙarshen kuma lissafi ne ke fitar da ita, don haka maimakon gwaji miliyan ɗari, 11,000 ya isa. Sababbin rautoci sukan kulle in an yi ta kuskure, tsofaffi ba sa yi. A kashe shi kawai.

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu aikin yamma ɗaya ne. Abin da ya fi wuya ba a cikin akwatin yake ba, a cikinmu yake, watau kunya. Mu mutane ne da aka rena a kan cewa ba a hana maƙwabci wuta, ba a hana baƙo ruwa. Maƙwabcinka wanda ya yi maka jinyar yaro ya ce ka sa masa waifai zai duba sakamakon jarrabawar 'yarsa, da wane baki za ka ce a'a? Abokin aiki ya kawo ziyara, ƙanin uwargida ya zo hutu, mai gyaran lantarki yana son ya duba wani abu. Kowa ka ba shi. Matsalar kuwa ita ce kalmar sirri ba ta dawowa. Wayoyin Android tun daga fitowa ta 10 a 2019 suna iya nuna ta a matsayin hoton QR wanda wani zai ɗauka ya shiga nan take, iPhone ma tana miƙa wa 'yar'uwarta. Akwai kuma manhajojin da aikinsu ke nan, su tattara kalmomin sirrin da masu amfani da su suka taɓa samu su baza wa jama'a a kan taswira. Wanda ka ba mutumin kirki ne, amma na biyar daga gare shi ba ka taɓa ganinsa ba. Da ɗan gari akan ci gari, ko da ɗan garin bai yi niyya ba.

Ba za mu ce a daina kyauta ba, kuma ko mun faɗa ba wanda zai bi. Kakanninmu sun riga sun warware irin wannan matsala da gini. Sun yi zaure. Baƙo yana shiga zaure ya zauna a inuwa, a kawo masa ruwa da abinci, ya yi hira har dare, ba wanda ya wulaƙanta shi, amma bai ga tsakar gida ba. Yawancin rautocin zamani suna da zaure, watau waifai na baƙi, mai sunansa daban da kalmar sirrinsa daban. Wanda ya shiga ta nan yana samun intanet, amma ba ya ganin kwamfuta ko kyamara ko shafin sarrafa rauta, muddin an bar zaɓin keɓe baƙi a kunne. Wasu ma suna ba da damar a ƙayyade masa sauri ko lokaci. Wannan kalmar ta zaure ita za a riƙa bayarwa da sakin fuska, a kuma canja ta duk wata ko duk bayan biki da suna, ba tare da an taɓa wayoyin mutanen gida ba. Wanda MiFi ɗinsa ba ta da wannan, to, ya rage adadin wayoyin da aka yarda su shiga lokaci guda, ya kuma saba da canja kalmar a kai a kai. Mai rarraba data daga wayarsa kuwa ya kashe da zarar an gama.

Ga waɗanda za su je horo ko suka fara aiki a masana'antu da ofisoshi, maganar tana da fuska biyu. Ƙananan masana'antu da ɗakunan ajiya da yawa rauta guda ce irin ta gida ke ɗauke da komai nasu: kwamfutar akanta, da na'urar POS, da kyamarori, da wayar kowane ma'aikaci har wanda aka sallama bara. Ana karɓe katin shaida da makullin wanda ya bar aiki, amma ba a tuna cewa waifai na nan a aljihunsa, kuma daga gindin bishiyar da ke waje yana kamawa. Ɗalibin da ya lura da wannan ya faɗa wa shugabansa cikin ladabi ya yi aikin da ya fi cika littafin horo. Ɗaya fuskar kuma, ma'aikacin da ke komawa gida da kwamfutar ofis, ɗauke da jerin albashi ko takardun jama'a, ya sani cewa tsaron waɗannan takardu a daren nan bai wuce tsaron rautar ɗakinsa ba. Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane, kuma ta ɗora nauyi a kan duk hukuma ko kamfanin da ke riƙe da su.

Akwai wasu magunguna biyu da masu gyara kan ba da shawara, waɗanda ba mu ɗauke su da nauyi ba. Ɓoye sunan waifai ba ya ɓoye shi ga mai kayan aiki, yana dai wahalar da mutanen gida. Tace wayoyi ta lambar MAC kuwa ana iya kwaikwayon lambar, ga shi wayoyin yanzu ma suna sauya ta da kansu. Duk da haka sunan yana da muhimmanci ta wata hanya: kada a sa masa sunan maigida ko lambar gida, kada kuma a bar sunan asali mai bayyana samfurin rautar, domin wannan yana gaya wa mai kutse irin kwaɗon da zai tarar. Wurin ajiya ma yana taimakawa kaɗan. Rautar da aka ɗora a taga mai kallon titi rabin ƙarfinta na mutanen titi ne, ta tsakiyar gida kuwa bangaye suna rage abin da ke tsallakewa.

Wanda ya sayi rauta ta hannu, ko a Farm Centre ko a wurin aboki, ya fara danna ɗan ramin nan na baya da tsinke har ta koma yadda ta fito daga kamfani, sa'an nan ya saita ta da hannunsa. In wani ne ya zo ya kafa, a biya shi a gode masa, bayan ya tafi a canja kalmomin biyu. A riƙa leƙa jerin na'urorin da ke kan waifai lokaci-lokaci, a ƙirga su da wayoyin gidan. In an ga baƙuwa, canja kalmar sirri ya fi korar ta ɗaya-ɗaya. A wannan shafin dai akwai wurin sabunta manhajar rauta, wanda ta nan ne gyaran irin kafar 2017 ke isowa, sai dai a yi shi lokacin da ake da tabbacin wuta ko batir, domin in lantarki ya ɗauke ana tsakiyar sabuntawa rautar tana iya lalacewa gaba ɗaya. Kamfanoni kuma sukan daina aiko da gyara ga tsofaffin samfura bayan wasu shekaru, don haka wanda tasa ta daɗe ya rubuta lambar samfurin a shafin kamfanin da ya ƙera ta ya ga ko har yanzu ana kula da ita.

Shugaba, nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.